Shari'ar Wata Ta Hana Inna Cin Abinci

Anti, don Allah ki taimake ni kafin kotu ta sake zama. Ba ni da kowa a cikin shari'ar da zan ba ki labari, amma ita ce ke neman wargaza mana gida.

Ni magidanci ne, na ɗan haura arba'in, ina kula da sito a wani kamfanin kayan gini. Mahaifiyarmu, Inna, ta samu shanyewar ɓarin jiki shekarun baya, tana zaune a gidan babban wanmu, Yaya. Harshenta ya yi nauyi, amma hankalinta garau yake. Tun farkon ciwon muka ɗauki wata dattijuwa tana jinyarta, muna ce mata Iya. Ita ke mata wanka, ta juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, ta ba ta abinci a baki. Idan Inna ta yi magana mu da ta haifa muka kasa ganewa, Iya muke kallo ta fassara mana.

Na san kin ji labarin matar nan da ake tuhuma da zuba guba a abincin tsohuwar da take jinya. Ita ta ce ba ta aikata ba, lauyanta ya ce magunguna ne suka yi wa marigayiyar yawa. An ɗage zama, an sake ɗagewa. Yau likitan da zai ba da shaida ya yi tafiya, gobe alƙali yana taro. A wurin aikinmu direban babbar mota ba ya kashe rediyo, har mun laƙaba masa Mai Shari'a, don tun ranar farko ya yanke mata hukuncin rataya, ya ce da shi ne ba zai ma ɓata man mota a kai ta kotu ba. Masu lodi suka yi ta dariya. Ni ma na yi, a lokacin.

Sai autarmu, wadda ke aure a nesa, ta turo bidiyon matar a zaurenmu na 'yan gida da ke waya, ta rubuta cewa mu dai mu yi hattara. Ita da sai ta shekara ba ta ga Inna ba. Kafin sati ya zagayo Yaya ya kafa dokoki biyu. Magungunan Inna suka koma durowar matarsa, aka kulle, saboda haka duk ranar da ta fita unguwa sai magani ya jira ta. Ta biyun ita ce ta fi ci mini rai: duk abin da za a ba Inna, ko shayi ne, sai Iya ta fara ɗanɗanawa a gaban wani daga cikinmu.

Iya ba ta yi musu ba. Ranar farko ta kai cokali baki, ta ce gishiri bai ji ba, ta tambaya ko maganin hawan jinin ma ta rage musu aiki ta haɗiye guda. Matar Yaya ta yi dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Tun daga nan Iya ta daina kirana ɗan Inna kamar yadda ta saba. Yanzu ranka ya daɗe take ce mini, har da rusunawa.

Inna ta gane. Da zarar ta ga Iya ta ɗanɗana, sai ta datse baki ta juya fuska bango. Matar Yaya ta gwada ba ta, ta ƙi. Ni ma na gwada, ta kalle ni irin kallon da take mini ina yaro idan na yi abin kunya. Yanzu abin da take ci bai taka kara ya karya ba, zoben hannunta har zamewa yake. Yaya kuma ya ce wannan ramar ma abin tuhuma ce.

Da na same shi a falo na fara kewaye-kewaye, sai ya katse ni. Ya ce mu jira kotu: idan aka sami waccan matar da laifi, Iya ta tattara kayanta. Na ce idan aka wanke ta fa? Ya ce wannan na nufin ta yi dace da lauya mai wayo ke nan. A gidanmu ba a ja da Yaya. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, shi ya tsaya har na gama sakandare, kuma Inna a ƙarƙashin rufinsa take.

Ga inda nake tuhumar kaina, Anti. Ni mutum ne mai bin abu daki-daki. A sito ba na yarda da kwali sai na buɗe na gani, ko da wanda ya kawo shi aminina ne, kuma ban taɓa ganin hakan cin fuska ba ne. To me ya sa na Yaya ke ƙona mini zuciya? Kullum nakan rubuta abin da ya faru da ni a yini, kwanakin nan kuwa sai in rubuta cewa Yaya ya yi kuskure, gari ya waye in ja layi a kai. Shekaranjiya na ɗauki kofin shayin Inna zan kai madafa, sai na tsinci kaina ina sansana shi. Iya na tsaye a bakin ƙofa. Ta gan ni.

Idan na tsaya mata, wani abu ya faru, me zan ce wa 'yan'uwana? Idan na yi shiru aka kore ta, wa zai gane abin da Inna ke faɗa? Ina jin haushin kotun da ta ƙi gamawa, da rediyon, da autarmu, da kaina. Me zan yi?

Naki,
Ɗan Tsakiya

Amsa

Ɗan Tsakiya, Allah ya ba Inna lafiya. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa. Haɗarin da ke gabanku ba guba ba ne. Tsohuwa ce mai ciwo da ta daina cin abinci, kuma maganinta ba ya zuwa kan lokaci. Wannan ba ya jiran alƙali. A kai ta wurin likitanta cikin satin nan, kuma Yaya ya shiga ɗakin da kansa. Abin da ba zai karɓa daga bakin ƙane ba, zai karɓa daga bakin likita.

Kada ka mai da Yaya mugu. Mutumin da ya ajiye uwa a gidansa ya san idan wani abu ya same ta shi za a fara kallo. Tsoro ne ke damunsa, kuma sa ido kan jinyar tsoho ba laifi ba ne. Akwai masu jinya da suka ci amana, ba ƙarya ba ne. Amma kwalin sitonka ba shi da zuciya, Iya tana da ita. Kuma dokar ɗanɗano ba ta kare komai. Wanda ke wa mutum wanka, ya kwana kusa da shi, ba ta cokali kaɗai zai cutar da shi ba in ya yi niyya.

Shari'ar nan kuma ta mace ɗaya ce, kan shaidar da ta shafe ta ita kaɗai. Ko an ɗaure ta ko an sake ta, ba a ce komai game da Iya ba. A duk wasiƙarka ban ga abu ɗaya da Iya ta yi ba, sai shekarun hidima.

Ka koma wurin Yaya, ku biyu kawai, cikin ladabi amma ban da kewaye-kewaye. Ka fara da gode masa, sannan ka ce ba ka yarda a rataya zaman Iya a kan hukuncin wata ba. Kada ka je hannu rabbana: ka kawo tsarin da zai kwantar masa da hankali. A ware maganin kowane yini inda hannu zai kai, likita ya riƙa duba ta a kai a kai, ku kuma ku raba ranakun zama da ita lokacin cin abinci. Autarku ta ɗauki nata rabon, ko da kira ne kullum. Sannan ku tambayi Inna. Hankalinta garau, in ji ka, amma kowa na yanke hukunci a kanta ba wanda ya nemi jin ta bakinta. Rufe bakin nan da take yi magana ce.

Sansana kofi kuwa, wanda ya yini yana jin labarin guba dole ta bi shi gida. Ka ɗan nisanci rediyon direba. Amma Iya ta gan ka, saboda haka ba sai ka jira izinin kowa ba kafin ka ba ta haƙuri. Mai yiwuwa ta riga ta yanke shawarar tafiya, kuma ba za ka ga laifinta ba. Idan haka ne, ku sallame ta da mutunci. Ko ta zauna ko ta tafi, ya kamata ta ji daga bakin ɗa ɗaya a gidan nan cewa bai zarge ta ba. Ka faɗa mata a gaban Inna.

Allah ya haɗa kanku, ya ba ka ƙarfin zuciya.

Anti