Kibiyar Bulo Na Bakwai

Litinin, 3 ga Fabrairu

Takardar Auta, ɗalibar Farfesa, ta dawo daga mujalla, ba su karɓa ba. Mai dubawar ya ce gilashin bulo na bakwai a kife yake, sama ta koma ƙasa. Ni na yanka gilashin nan.

Farfesa ya sa taro jibi. Sau biyu Auta ta wuce ta ƙofar ɗakina ba ta leƙo ba, ita da kullum sai ta shigo ta shanye min shayi.

Talata, 4 ga Fabrairu

Bari in rubuta abin dalla-dalla, ko kaina ya daina juyawa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan aikin. Farfesa da ɗalibansa su je kogo su yanko ƙasa daga bangon ramin da suka haƙa, kamar bulo, su naɗe ta da filasta, su zana kibiya mai nuna sama, su kawo min. Ni in busar, in jiƙa da ruwan gam har ta zama dutse, in yanka da zarto, in yi ta gogewa a kan gilashi har haske ya riƙa ratsawa. Sannan a ɗora a madubin ƙara girma a ga inda mutanen da suka shuɗe shekara dubu arba'in suka hura wuta, da inda suka kwanta.

A bulo na bakwai akwai toka, akwai ciyawa. Auta ta rubuta cewa tokar ce a ƙasa, wai mutanen suna barbaɗa toka saboda ƙwari kafin su shimfiɗa ciyawar kwanciya. Digirinta gaba ɗaya a kan wannan ya tsaya. In kuwa aka juya, ciyawa ce a ƙasa: sun kwana a kai, ta tsufa, sun cinna mata wuta. Wannan kuwa ba sabon labari ba ne, masana sun daɗe da saninsa.

Abin da ya fi ci min rai, na faɗa mata tun watan Oktoba. Lakar da ruwa ke kawowa a gindin 'yan ramukan ƙasa take kwanciya, a wannan gilashin kuwa a rufinsu na gan ta. Na ce, "Auta, ruwa ba ya hawa sama fa." Ta ce, "Zan duba, Yaya." Ni kuma na saki jiki.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Mu tara a ɗakin taro. Farfesa ya tambayi yadda aka yi. Auta ta gyara zama ta ce, "Ni dai daidai na zana kibiyata, Malam. Wataƙila wajen yanka ne aka samu matsala."

Aka samu. Ko sunana ba ta iya kamawa ba.

Duk suka juyo gare ni. Na buɗe baki na ce ban taɓa juya bulo ba. Maganar Oktoba ta zo min har maƙogwaro, na haɗiye, ina jira ita ta faɗa. Tana can tana wasa da murfin biro.

Yarinyar nan ni na sa mata Auta. Ranar da ta yanke yatsa a zarto ni na kai ta asibiti. A ɗakina take kuka in Farfesa ya wanke ta.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ban je ba. Na ce ciwon kai.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Baban yara ya ce, "Wai yanzu ƙasa ce ta hana ki cin abinci? Ga ta nan tsakar gida, ɗebi ki kai musu." Na yi dariya don kar ya ji babu daɗi. Da na ba shi labarin sosai sai ya ce ai da ma ya ga take-takenta tun ranar da ta zo gidan nan. Ƙarya yake, shi ya fi kowa cewa tana da hankali.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Allah ya sa ba na yar da ragowar bulo. Na sauko da kwalin daga saman kabad, ga guntun na bakwai da filastarsa, da kibiyar Auta da jan alƙalami. Na ɗauko hoton da suka yi a kogo tun bulon yana jikin bango. Akwai wani farin dutse kamar ƙwan tattabara a can sama. A guntun da ke hannuna, dutsen yana wajen wutsiyar kibiya.

Wato sai da ta ciro bulon ta jujjuya shi wajen naɗewa, sannan ta zana. Abin da nake hana kowane ɗalibi tun ranar farko: kibiya tun bulo yana jikin bango, ba bayan ya zo hannu ba.

Na zauna ina kallon dutsen nan. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na tare ta a matakala, na nuna mata hoton. Ko musu ba ta yi ba. Ashe ta sani tun Oktoban, ta je ta duba, ta rufe.

"Yaya, ke ma'aikaciya ce, ba abin da za a yi miki. Ni in aka ce ni ce, na gama yawo."

Na ce sunana fa?

"Don Allah ki rufa min asiri."

Ta fashe da kuka. Hannuna har ya kai cikin jaka zai ciro mata hankici. Wawiya kawai.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na kai wa Farfesa guntun da hoton. Ya sa tabarau, ya duba bai fi minti ɗaya ba, ya ce, "Na sani."

Na tsaya kamar an dasa ni.

Ya ce in zauna. Wai kuskuren ɗakin yanka layi ɗaya ne a takarda, an gyara an wuce. In kuwa aka ce a rami aka yi kuskure, bulo arba'in da yarinyar ta ɗebo duk sai a yi shakkarsu, da aikinsa na shekara shida. "Ki yi haƙuri, ke babba ce." Ya jawo aljihun tebur ya saka guntun, ya ce a bar shi a nan.

Na ce to. Har godiya na yi masa da zan fita. Wannan godiyar ce ke ta ƙona min rai.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Takardar gargaɗi ta zo. Daga yau duk gilashin da na yanka sai wani ya duba ya sa hannu kafin ya fita. Mutanen da ke aiko min da bulo daga wata jami'a sun rubuto, wai bana za su gwada wani wuri. Labari ya riga ya kai.

Talata, 4 ga Maris

Auta ta sake tura takardar, da layin nan mai ɗora laifin a ɗakin yanka a ciki. Ta bar min kwalin shayi a bakin ƙofa. Na ba mai shara.

Alhamis, 20 ga Maris

Bulon Farfesa ne a hannuna wannan makon, daga can ƙasan kogon, wanda yake cewa shi ne murhu mafi tsufa da aka taɓa samu a wurin. Wata mai zuwa zai tafi taro ya sanar.

Gilashin ya fita fes, rabon da in yi mai kyansa na manta. Na ɗora a madubi don in duba kaurinsa kawai. Ba toka ba ce. Kashin jemage ne da ya daɗe ya yi fari, ga 'yan ɓarɓashin fukafukan ƙwari cike a ciki, babu gawayi ko ɗigo. A ido kam toka sak. Shi kuma Farfesa idonsa ya yi rauni, ya daɗe bai zauna gaban madubi da kansa ba, abin da na faɗa masa yake rubutawa.

Ya leƙo da rana ya ce, "Yaya, kin ga wani abu?"

Na ce, "Ya fita da kyau, Malam."

Ai ya fita da kyau ɗin. Yanka ne aikina, kuma na yanka. Na goge gilashin, na jera a akwati, na kai aka sa hannu.

Na ci abinci sosai da na dawo, har da ƙari. Baban yara ya ce ga dukkan alamu na warware. Na ce masa eh.