Jimla Ɗaya Da Na Ƙi Gogewa Ta Tona Asirin Yayana

Assalamu alaikum Anti, da iyaye da 'yan'uwa masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana. Ina kuma roƙo, kafin wani ya rubuta mini zagi, ya daure ya kai ƙarshe, domin babu zagin da ban riga na yi wa kaina ba. Shawara nake nema, kuma kwana uku kacal suka rage mini.

Ni 'yar wani ƙauye ce tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan kanal ke bi ta bayan gidajenmu, gonakin shinkafa kuma su yi kore shar ko da rani. Na karanci ilimin motsa jiki da lafiya a jami'a. A shekarar ƙarshe, malamin da ke duba aikina, wanda zan kira Dakta, ya ba ni bincike a kan ƙwayoyin ƙara kuzari da kashe ciwo a tsakanin 'yan ƙwallon ƙauyukanmu. Shi da bakinsa ya koya mini ƙa'idar aikin: ba a rubuta suna, ba a kuma rubuta wata alama da za ta sa a gane mutum. Duk wanda zan yi hira da shi sai na fara karanta masa wannan alkawari. Amma samarin dariya kawai suke yi mini. Wani ya ce, "Malama, mu ai tuwo ne ƙwayarmu." Wani ya ce daga gadagi, shayin nan na masu aikin ƙarfi, bai san komai ba. Na yi wata guda ina yawo a filayen ƙwallo, littafina cike da ƙarya.

Yayana, wanda zan kira Yaya Nura, shi ne ɗan tsakiyar ƙungiyar garinmu. Da safe yana cikin ruwa yana dashen shinkafa, da la'asar yana fili. Tun yana ɗan shekara goma sha shida injin casar shinkafa ya cire masa yatsu biyu a hannun hagu. Shi ke kai ni wajen hirarrakin a babur. Wata rana da azahar muna dawowa, ya ga raina a ɓace, sai ya tsaya a gindin wata bishiya a bakin kanal ya ce, "Auta, buɗe littafin naki. Amma karanta mini alkawarin nan tukuna, ni ma ina so in ji shi." Na karanta ina dariya, na ɗauka tsokana ce. Ashe ba tsokana ba ce. Ya ce da ciwon gwiwa abin ya fara, rabin ƙwayar tramol kafin wasa. Yanzu ba ya iya shiga fili sai da ita, kuma in babban wasa ya zo akwai wani mai kemis da ke yi masa allurar da ko sunanta bai sani ba. Ya ce, "In na sha, sai in ga filin ya ƙanƙance, kamar in taka shi sau uku in ƙure. In ta sake ni, ko bokitin wanka ba na iya ɗauka. Auta, tsoro nake ji." Tunda nake ban taɓa ganin Yaya yana kuka ba sai ranar.

Ga laifina, kuma ba zan yi masa ado ba. Ni mai son kalma ce tun ina ƙarama, ina rubuta waƙoƙi a bayan littattafan makaranta. Da na zo rubuta rahoton, sai na sa wata jimla da Turanci, ma'anarta: "Mai amsa na tara ya share hawayensa da hannun da injin casa ya bar wa yatsu uku, hannun da yake ɗagawa sama duk ranar da ya zura ƙwallo." Na san ta saɓa ƙa'ida. Wallahi na sani. Sau biyu ina goge ta, sau biyu ina mayar da ita, don kawai ta yi mini kyau. Da Dakta ya karanta ya ce, "'Yata, wannan layin shi ne ran aikin gaba ɗaya," sai na ji kamar an naɗa mini sarauta. Duk da haka na ce masa ina fargaba, a yankinmu kowa ya san hannun nan. Ya ce, "Wa zai karanta a Bunkure? Daga ni sai ke sai ƙurar laburare." Na yarda da shi, kamar yadda ake yarda da uba.

Wata biyu bayan na gama, ya kira ni ya ce zai yi taron wayar da kai ga masu horar da ƙungiyoyi a Kura, in zo in taya shi raba takardu. Na je da murnata. Ya yi bayani mai kyau, ba zan ƙaryata ba: cewa tramol ba ta warkar da rauni, ɓoye ciwon take yi har mutum ya ƙarasa lalata gaɓarsa bai sani ba, cewa tana kama mutum, tana iya jawo jijjiga, cewa irin allurar nan in ta yawaita tana ɗaga hawan jini ta kumbura jiki. Sai kawai na ji ya ce, "Ku saurari abin da wani ɗan wasa ya faɗa mini a binciken da na gudanar." Ya faɗa masa! Binciken da ya gudanar! Ya karanto jimlata da Hausa, a hankali, har da ɗaga yatsu uku. Kocin garinmu, da ke zaune a layi na biyu, ya waiwayo ya dube ni. Kallon nan har yau yana bina.

Bayan taro na tare Dakta a bakin motarsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba haka muka yi da kai ba." Ya ce, "Na faɗi suna?" Na ce a'a, amma kowa ya gane. Ya buɗe ƙofa yana cewa, "To ai ke kika rubuta, ba ni ba. In an bi diddigi, ke kika karya ƙa'ida. Ki yi shiru ya fi miki." Anti, wannan shi ne mutumin da nake yi wa addu'a bayan salla tare da iyayena. Ta yaya mutum zai koya maka riƙon amana da safe, ya sayar da ita da yamma don a tafa masa? Kuma da wane baki zan kai ƙararsa, alhali ni na miƙa masa wuƙar?

A makon ne za a tura 'yan wasa uku Kano gwajin wata babbar ƙungiya, abin da Yaya ya shekara yana jira. Koci ya cire sunansa. Abin da ya ce masa kawai, "Je ka nemi lafiya, na san abin da kake sha." Ya ƙi faɗin inda ya ji. Wanda aka sa a gurbinsa kuwa shi ne Habu, amininsa tun suna kamun kifi a kanal, kuma shi kaɗai ke raka shi wajen mai kemis. Nan take Yaya ya yanke hukunci. Ya same shi a majalisa ya kira shi munafuki a gaban jama'a, ya ce ya sayar da shi don rigar ƙwallo. Habu ya rantse har ya gaji. Ya je gwajin da baƙin ciki, bai ci ba, ya dawo yanzu samarin gari ba sa zama inda ya zauna. Shekaranjiya ya yi sallama a ƙofar gidanmu ya ce a kira ni. Ya ce, "Ƙanwata, ke yake jin maganarki. Ki gaya masa ko a gaban Allah ban faɗa ba." Na ce masa zan ƙoƙarta. Ni! Na dube shi ido cikin ido na ce zan ƙoƙarta.

Abin da ya hana ni buɗe baki shi ne jikin Yaya. Tunda aka cire shi shan ya ƙaru. Fuskarsa ta cika, ƙafafunsa sun kumbura har takalmin ƙwallon ba ya shiga. Umma murna take, wai ɗanta ya huta ya yi ƙiba. Makon jiya ya yanke jiki ya faɗi a kan kunyar gona, ya ce wa mutane rana ce. Ni na san ba rana ba ce, na karanta alamun nan a littattafai da dama. Na yi ta lallashi har ya yarda zai je asibiti a Kano ranar Alhamis, a auna jininsa da ƙodarsa, amma da sharaɗin ni kaɗai zan raka shi. Ya ce, "Auta, duk garin nan ke kaɗai na gaya wa magana ta tsaya inda na ajiye ta." Na shige ɗaki na danna fuskata a filo don kar ya ji.

Na san halin Yaya, in ya juya wa mutum baya ya juya ke nan. In na faɗa masa kafin Alhamis, ba zai je asibitin ba, kuma babu wanda ya isa ya kai shi. In na bari sai bayan Alhamis, na ci gaba da cin amanarsa ke nan, ina barin Habu yana ɗauke da kayan da ba nasa ba. Kuma likita ba gani ɗaya zai yi masa ba, mai barin ƙwaya yana buƙatar wanda zai riƙe shi watanni. Yaushe ne zai yi ƙwarin da zai iya jin wannan magana? Ga shi mutum ashirin suka zauna a taron nan, kowace rana wani zai iya riga ni.

Don girman Allah, masu ilimin addini da masu aikin lafiya da duk wanda ya taɓa cutar da wanda yake ƙauna, ku ba ni amsa kafin ranar Alhamis. In faɗa masa yanzu, ko in fara kai shi gaban likita? Me zan yi?