Fedar da Auta Ta Zaɓa

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya aikin masana'antar, yaya baƙunta? Mama tana gaishe ka, ta ce ka daina kwana da kayan aiki a jikinka. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har ya koma kan keken ɗinkinsa. Direban da ya kawo saƙonka ya ce duk sanda ya zo ɗaukar kaya zan iya ba shi takarda ya kai maka, shi ya sa na yago wannan daga tsohon littafina na firamare. Ka yi haƙuri da rubutun.

Yaya, abokinka Mai Ganga ya zo gida. Ina jin muryarsa na gudu ɗakin girki, sai da Mama ta jawo ni da hannu. Ya ce ƙungiyarku ta kiɗa za ta yi wasa a babban ɗakin taro na matasa ƙarshen wata, kuma sababbin waƙoƙin suna son bes, jitar nan mai kaurin murya, mai masifa, ba mai ladabi irina ba. Ya ce kai ka ce in je shagon kayan kiɗa in zaɓi feda, ƙaramin akwatin ƙarfen nan da ake takawa muryar jita ta yi gurnani, kun riga kun gama magana da mai shagon. Wai ka ce kunnen Auta ya fi na kowa. Yana fita na shiga ɗakinka na rungume jitar bes ɗinka na kasa ajiye ta. Na tuna ranar tafiyarka da ka rataya mini ita a wuya ka ce gurbinka a ƙungiya nawa ne. Ashe da gaske kake.

Ranar farko da na je shagon a bakin ƙofa na tsaya ina kallon gangunan da aka jera, na kasa ko sallama, na juyo gida. Washegari mai shagon, wani tsoho da ya ɗaure tabaransa da zare, ya leƙo ya ce ko ni ce mai gadin da ya ce a nemo masa. Dariya ta kuɓuce mini. Da ya ga jitarka a bayana sai ya gane ni, ya jawo mini kujera.

Ya fara jona mini wata koriyar feda. Da na taka, muryar ta yi kaushi, amma ƙasanta, wato kaurin nan nata, ya gudu, ya bar wani siririn abu kamar sauro a cikin gwangwani. Tsohon ya ce ta ƙaramar jita ce, in aka sa wa bes sai ta cinye masa ciki. Ya jona wata baƙa. Ita kuma kamar ana jan kwanon rufi a kan siminti, duk inda na danna yatsa abu ɗaya nake ji.

A kan sifikarsa akwai wani murfin gwangwani cike da ƙananan kusoshi. Na lura in ƙasan muryar yana nan, kusoshin rawa suke yi, in ya gudu sai su kwanta. Da su nake aunawa yanzu. Akwai feda ta uku, amma wayar wutarta ta ɓace, ya ce in dawo.

Ka gaishe da waɗanda kuke ɗaki ɗaya. Ka ci abinci.

Ƙanwarka mai sonka,
Auta

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardata ta same ka lafiya. Yaya gajiya? Mu duk lafiya, sai kewarka. Mama ta ce rigar sanyin da ka manta tana cikin wannan ledar.

Na zaɓa, Yaya! Ta ukun ce. Tsohuwa ce, fentinta duk ya goge a inda ƙafar mai ita na da ta saba takawa. Tana da wani abin murɗawa da sauran ba su da shi, wanda yake gauraya muryar jitar ta asali da gurnanin, ba ɗaya ta kori ɗaya ba. Na murɗa shi rabi, na riƙa ƙara gurnanin kaɗan kaɗan. In na taɓa tsirkiya a hankali magana take yi kamar mutum, in na fincike ta sai ta yi haushi kamar kare a bayan ƙofa. Kusoshin suka yi ta tsalle har ɗaya ya faɗo ƙasa. Tsohon ya cire tabaransa ya ce ashe duk faɗan da ba na yi da baki a yatsu nake tara shi.

Na fara zuwa gwaji a ɗakin nan naku na bayan wurin wankin mota. Har yanzu katifar da kuka jingina a taga tana nan, fankar ma har yanzu sai an tura ta da sanda. Da muka shiga waƙar farko na taka fedar, Mai Ganga ya tsayar da kiɗa ya jefa sandarsa sama ya ce wa ya taɓa yarinyar nan. Mawaƙinku ya ce daga yau ba zai ƙara ce mini Shiru-shiru ba, yana tsoron in taka masa ita a ka. A hanyar gida ni kaɗai nake ta murmushi kamar wata taɓaɓɓiya.

Ina ganin na yi ƙawa ma. Ƙanwar mawaƙin ce, doguwa, 'Yar Gayu suke ce mata. Kullum a gabana take zama tana kallon hannuna, tana ɗaukata a wayarta. Ta ce in nuna mata yadda nake ɗaga wuyan jitar in an zo amshi, na nuna mata. Sun ba ta tsohuwar jitarka da ba ta magana tana ratayawa, wai don hoto. Mai Ganga kuma ya sayo mini wata doguwar waya ta jona jita da sifika, wadda za ta iya zagaye ɗakin. Ban san me zan yi da ita ba, ni da nake tsayawa wuri ɗaya kamar an dasa ni.

Zan gaya maka wani abu da ban gaya wa kowa ba. Na san mutane za su cika ɗakin taron, kuma na san halina. Shi ya sa nake tara yaran maƙwabta a tsakar gida in Mama ta tafi kasuwa, in kaɗa musu a tsaye, ido buɗe. Farko ƙasa nake ta kallo har yaran suna kwaikwayona. Yanzu ina iya kai ƙarshen waƙa ina kallon fuskar ɗaya daga cikinsu. Jiya har matar mai gidan kusa ta leƙo ta katanga, ban tsaya ba. Baba ya gwada ni, zai ɗinka mini riga mai faɗin hannu don kada ta riƙe ni.

Da ma kana nan ka gani.

Taka har kullum,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Su Mama lafiya.

Mun je ɗakin taron gwaji. Na hau dandamali na ajiye fedata a gefen hagu inda ka ce kana tsayawa. Sai Mai Ganga ya ɗauke ta ya ce in biyo shi. Ya ɗaga labulen baya. Akwai wani lungu da aka tara karyayyun kujeru da tsintsiya da bokiti, an share wuri kaɗan an ajiye kujera ɗaya mai kyau. Ya ce nan ne wurina. Doguwar wayar za ta bi ta ƙarƙashin labule ta kai sifika. Ni zan kaɗa, 'Yar Gayu za ta tsaya a gaba da jitar da ba ta magana tana motsa yatsu. Ya huda labulen kaɗan don in riƙa ganin hannunsa.

Ban san inda na samo bakin ba, na ce masa ba haka Yayana ya ce ba, kuma zan gaya maka. Sai ya yi dariya ya ce Auta kenan. Ya ciro wayarsa ya kunna mini saƙon murya.

Muryarka ce, Yaya. Ana jin ƙarar inji a bayanka. Ka ce ƙanwarka tana da hannu da kunne, amma ko baƙo ya yi sallama ɗakin girki take gudu, in aka sa ta gaban jama'a suma za ta yi ta kunyata ku. Ka ce a lallaɓa ta ta zaɓi fedar ta haddace waƙoƙin, kada a gaya mata sai an zo gab, in ba haka ba za ta yi ta kuka ta ƙi zuwa. Ka ce a samo mai kyan tsayi a sa a gaba. A ƙarshe ka yi dariyar nan taka da nake so.

Duk suna tsaye aka kunna. Mawaƙin ya hau gyaran takalminsa. 'Yar Gayu ta juya baya. Ni kuwa na yi ta kallon bokitin nan har saƙon ya ƙare.

Ba ƙarya ka yi ba, ina gudu ɗakin girki. Amma wannan a gidanmu nake yi, kai da Mama kuka sani, kuma kai ne kake rufa mini in ka ce wa baƙo na tafi aike. Ban taɓa zaton za ka ɗauka ka kai wa abokanka suna saurare a waya ba. Kuma da ka tambaye ni ko zan iya, da na gaya maka gaskiya. Wataƙila ma da ni da kaina na ce a sa ni a baya. Ba ka tambaya ba. Ka bar ni ina zarya shagon tsohon nan ina kallon kusoshi, ina zaɓar murya kamar mai zaɓar kayan da za ta sa, ashe wata za a sa wa. Na rubuto maka zancen yaran maƙwabta, direban ya ce hannunka ya ba, ka karanta, ba ka ce komai ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Har yanzu akwai lokaci. Ka kira Mai Ganga ka ce a bar ni a gefen hagu. Ya ce maganarka kawai zai ji. In na sume, a ɗauke ni a fitar, kunyar tawa ce. Ban taɓa roƙonka komai ba sai tsirkiya in ta tsinke.

Ina jira.

Ƙanwarka,
Auta

*

Assalamu alaikum.

Ina fatan kana lafiya. Baba da Mama suna gaishe ka.

Ba ka kira Mai Ganga ba. Mama ka kira ka ce ta lallashe ni in je, kada in ba ka kunya a gaban abokanka, wai don kare ni ka yi. Mama ba ta san komai na labule ba, ta zaci tsorona ne ya tashi. Ta goge mini rigar da Baba ya ɗinka, ta rako ni har bakin titi tana ce mini in ɗaga kai.

Na je, Yaya. Da rana aka yi, ɗakin ya cika har bakin ƙofa, ina jin hayaniyarsu ta cikin labule. Na zauna a kujerar, na cire takalmi, na ɗora ƙafa a kan fedar. Lungun yana warin ƙura da sabulun goge ƙasa. Ta hudar nan ina ganin hannun Mai Ganga da bayan 'Yar Gayu.

Ban taɓa kaɗawa kamar ranar ba. Ban ƙara gurnanin ba ko kaɗan, yadda na saita a shago haka na bar shi, yatsuna ne suka yi sauran. Na finciki tsirkiyar nan har fatar yatsana ta saluɓe, ban ji ba sai da aka gama. Karyayyun kujerun da ke gefena suna ta karkarwa. Duk sanda aka zo amshi sai in ga 'Yar Gayu ta ɗaga wuyan jitar yadda na nuna mata, ɗakin ya ɗauki ihu. Ta iya sosai, ba ta kuskure ko sau ɗaya ba.

Da aka tashi na ji wani yana tambayarta wace feda take takawa haka. Ta ce sirri ne. Daga baya ta shigo lungun da ruwa a hannu, ta tsaya, ta ajiye a ƙasa ta fita. Ban sha ba, amma ba ita nake jin haushi ba. Mai Ganga ya leƙo ya ce an gayyace su wani wasan, in shirya, tsarin nan ya yi daidai. Na naɗe masa doguwar wayarsa na miƙa masa na ce ba zan ƙara zuwa ba. Da bakina na faɗa, ina kallon idonsa.

Na fita ta ƙofar baya. A gida Baba ya tambaya ko rigar ta riƙe ni, mutane sun yaba? Na ce ba ta riƙe ni ba.

Ka ce kada in ba ka kunya, ban ba ka ba. Jitarka tana hannun direba tare da wannan takarda. Na goge ta, na sassauta tsirkiyoyin don kada wuyan ya lanƙwashe a hanya, na naɗe ta a bargonka. Fedar tana cikin aljihun jakar jitar. In kana son wanda zai kaɗa musu, ka nemo a inda kake.

Jiya da ka kira kana murna an turo maka hoton wasan, Mama ta miƙo mini wayar na girgiza kai. Na ji ta ce maka ka san ta da kunya, na ji ka yi dariya. Ba kunya ba ce, Yaya.

Ka huta lafiya.

Auta