Jan Farcen da Kika Saya Don Inna

Zuwa ga Yayata Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Ubangiji tana tare da ke a inda kike kwance. Ni ce ƙanwarki Rabi, wadda kika bari a Gure tana yarinya, yau ga ta da furfura da jikoki da ciwon gwiwa.

Abin da ya tayar da maganar nan, jikata Nafisa ce ta shigo mini jiya da ƙawarta mai sayar da kayan kwalliya. Suka baje kwalabe a kan tabarmata, ta shafa wa kowane farce launi daban, ta miƙo mini hannu wai in zaɓa mata wanda ya cancanci saye. Warin abin nan yana bugun hancina na tuna da ke. Na ce su kwashe tarkacensu su ba ni wuri. Ta fita tana ƙunƙuni, wai Kaka ta cika faɗa. Gaskiyarta, na cika. Amma ba ta san ki ba, shi ya sa zan yi maganar da ke, ita da duk mai karantawa su ji.

Kin tuna shekarar da fari ya share dabbobi, shekarar da sojoji suka karɓi mulki. Kina da cikin fari, cikin ya tsufa. Mijinki Isufu yana tuƙin kamyo, babbar motar kaya, yana kai jar dawar taimako can gabas, sai ya yi makonni ba mu gan shi ba. Ni aka turo daga Kelle in taya ki aiki in kuma shiga lakwal, makarantar boko. Jar dawar nan muke ci safe da yamma, ke kuwa ko kin ci ba ta zama a cikinki.

Na ga kina ƙarewa a gabana. In kin ɗauko tulu daga bakin ƙofa sai kin zauna kin huta. Ƙafafunki sun kumbura, leɓenki ya yi fari fat. Da na raka ki wurin majo, malamin ɗan asibitin garin, ya ja fatar idonki ƙasa, ya danna farcenki, ya girgiza kai. Ya ce babu jini a jikinki, ƙwayar da zai ba ki ba za ta isa ba, a kai ki Damagaram a ƙara miki jini kafin haihuwa. Muna fitowa kika riƙe kunnena kika ce, "In maganar nan ta kai Kelle, ni da ke ne."

Na san dalili. Tun rasuwar Baba, Inna take riƙe da ƙannenmu uku a Kelle. Garken ya ƙare kaf, saura saniya guda, Kyalla, kuma ɗan nonon da take bayarwa shi ne ke riƙe da yaran. Kin san halin Inna. In ta ji an ce Damagaram, ko shawara ba za ta yi ba, washegari Kyalla tana kasuwa, a shekarar da ake sayar da saniya kamar kaza. Kika ce ba za ki sayi jini da nonon yara ba.

Sai ga saƙo, Inna tana tafe ranar kasuwa.

Ke ce ƴar farinta. Ba ta kiran sunanki, "waccan" take ce miki, ba ta kallonki ido cikin ido, ba ta zama tabarma ɗaya da ke. Amma Inna tana da ido. Mu ƙanana, in ta ga ɗayanmu ya yi laushi, sai ta kama yatsa ta danna farce. In ya yi fari ya koma ja nan take, ta sake shi ya tafi wasa. In ya daɗe bai koma ba, ranar ba wanda zai huta a gidan. Kin san ko da kunya za ta samu hanyar da za ta duba ki.

Nan kika aike ni kiran Iya Gambo dillaliya, wadda take sari a Kano tana bin gidaje da fanteka a ka. Ta zo tana haki, ta sauke, ta yaye tsumma. Yaya, ban taɓa ganin irin kayan nan kusa ba sai ranar. Hoda a ƴan gwangwanaye, gazal, jan baki, turare, ƙananan kwalaben jan farce masu dogon murfi. Ta ce a gwada, ba ta hana gwaji, amma kada a cinye mata riba.

Da fuskata kika fara. Kika lafta mini hoda har gira, kika ja mini gazal ɗaya sama ɗaya ƙasa, kika miƙo mini madubi. Na yi kama da wadda ta faɗa cikin toka. Kika yi dariya har numfashinki ya sarƙe, sai da na shafa miki baya. Ita ce dariyarki ta ƙarshe da na ji da ƙarfi, kuma har yau ban ji haushin fuskar da kika yi mini ba.

Sannan kika koma kan taki fuskar, wasa ya ƙare. Kika shafa hoda a kunci ɗaya kika duba, kika goge da sauri. Ta ƙara miki fari, ta fito da ramin idonki. Iya Gambo tana ta cewa ita matan ma'aikata suke rububi, kika ce su sha zamansu. Gazal ya yi miki kyau ƙwarai, ni ma na roƙe ki ki ɗauka, kika ce, "Inna ba ta duba gira." Turare kuwa ko shinshinawa ba ki yi ba. Duk abin da kika taɓa tambaya guda kike yi masa, ko zai rufe wurin da Inna take dubawa. Wanda ba zai rufe ba, komai kyansa, ya koma fanteka.

Jan baki iri biyu ne. Mai hasken ya zauna a leɓenki kamar an fasa miki baki, kika ajiye. Ɗayan ya yi duhu kamar jan goro, ya shige fata, kamar wadda ta ci ta ƙoshi ta tauna goro. Shi kika ɗauka.

A jan farce muka daɗe. Na ce miki me zai hana lalle, ga shi a gidan maƙwabta kyauta. Kika ce lalle za ki sa a tafin hannu, amma a farce Inna tana gani ta cikinsa in ta danna. Kika gwada mai ruwan hoda a ƙaramin yatsa, kika jira ya bushe, kika ce in danna. Farin ya leƙo ta ƙasa. Kika gwada ja mai kauri a na kusa da shi, na danna da iyakar ƙarfina, bai nuna komai ba. Kika ɗaga hannun kina kallo kamar wadda ta samu magani. Wallahi, Yaya, da na san abin da zai biyo baya da na fasa kwalbar nan a kan turmi.

Iya Gambo ta fito da wata kwalba mai farin ruwa, ta ce wannan ke goge shi, ki haɗa da ita, don ruwan alwala ba ya ratsa jan farce. Kika ce na kwana biyu ne, akwai reza a ɗaki, Inna tana juya baya za ki kankare. Kika ciro kwalla guda daga jerenki kika ba ta. Ta tafi da kwallar da ruwan gogewarta.

Ranar kasuwa kika tashi tun da safe. Lalle ya kama, kika ja kwalli har cikin fatar ido, kika shafa jan baki, ni na shafa miki jan farce. Kika ɗaura dogon zane ya rufe ƙafafun. Kin yi kyau, Allah ya sani. Kin yi kyan da ya ba ni tsoro.

Inna ta iso da hantsi, ta rame, zanenta ya koɗe. Ta zauna a bakin ƙofa ta ba ki gefe. Ta kwance ƙullinta ta fito da ɗan man shanu a ƙaramin ƙoƙo, ta ajiye a gabana ta ce, "Na Kyalla ne, a sa wa waccan a tuwo." Na ga kafaɗunki sun sauka. Kyalla tana nan, har tana ba da mai.

Can ta ce a ba ta ruwa. Na miƙe, ta ce in zauna, waccan ta kawo. Kika kawo kika durƙusa. Ta karɓi kwanon da hannu ɗaya, ɗayan ya kama yatsunki. Ta riƙe, ta daɗe, idonta yana ƙasa. Ni ina gefe ina kallo. Sai ta ce, "Ƴan birni. Har farce ake yi wa riga." Ta sake ki ta sha ruwanta. Da la'asar ta bi motar kasuwa ta koma.

Kin ci nasara, haka kika ce. Kika kwanta a tabarma kina murmushi, jan bakin ya goge a gefe, farin ya fito. Washegari kika ɗauki reza don ki yi salla da cikakkiyar alwala. Kika kankare yatsa uku, hannun ya kuɓuce kika yanke. Abin da ya fito ba jini ba ne, Yaya, kamar ruwan da aka wanke nama ne. Muka kalli juna. Kika ajiye rezar kika ce sai gobe, kuma daga ranar ba ki ƙara iya zama da kanki ba. Taimama kike yi a kwance.

Naƙuda ta zo kafin lokacinta, ta yi tsawo. Isufu yana hanya, ba wanda ya san inda yake. Maƙwabta suka aika Kelle. Majo ya zo ya yi abin da zai iya, ba shi da jinin da zai ba ki. Da hantsi kika tafi, da abin da ke cikinki.

Inna ta shigo daidai lokacin da mata suka ɗora ruwan wanka. Tsohuwar da za ta yi miki wanka ta ɗaga hannunki ta ga ja a yatsu bakwai, ta ce wankan ba zai cika ba sai an cire. Aka nemi Iya Gambo, ta tafi sari. Aka shafa kananzir, bai fita ba. Maza suna waje suna jira, rana tana yi. Wata mata har ta buɗe baki tana cewa ga abin da kwalliyar zamani ke jawowa. Na zage ta a gaban manya, ina yarinya, kuma ko yau ta dawo duniya sai na ƙara.

Ba a saba uwa ta shiga wurin wankan ƴar farinta ba. Inna ta shiga. Ta ce a ba ta reza, ta ce in riƙe mata hannun. Ta zauna a tabarma ɗaya da ke, ta ɗora yatsunki a gwiwarta, tana kankarewa a hankali kamar kada ki ji zafi. Jan yana zuba a kan zanenta, farcen yana fitowa fari fat.

Na kasa riƙewa. Na ce mata don Kyalla kika yi, don kada ta gane ta sayar. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na gane. Hannun da na kama sanyi ƙalau, kamar gindin randa." Ta wuce yatsa na gaba. Ta ce Kyalla ta mutu tun kafin ta taso wancan zuwan, ta kwanta a bakin rijiya ba ta tashi ba. Man shanun wurin wata makiyayiya ta samo, da awarwaronta ta musanya, don kada ki sa damuwar yara a ranki ga ciki. Ta ce ta zo ta gani, ta gani kuwa, ba ta da ko akuyar da za ta sayar. "Na ga ta yi wahala ta shafa. Sai na bar mata."

Da ta gama na bakwai, ta hure ɓarɓashin, ta shafa farcen da babban yatsanta, ta danna shi yadda take danna namu. Ta jira. Sannan ta ce, "Hadiza." Tunda nake ban taɓa jin sunanki a bakinta ba sai ranar.

Haba, Yaya! Ke da ita, kowacce tana yi wa ƴar'uwarta kwalliya, ni kuna bari na da kallo. Na ji haushinki shekaru, na ji haushin Inna, na ji haushin saniyar ma. Ban san ko da kun faɗa wa juna gaskiya za a samu motar Damagaram ba. Wataƙila ba za a samu ba. Amma da kun zauna ranar kun yi kuka tare, da ta kira sunanki kina ji. Wannan ne yake ci na har gobe. Yaran sun rayu a kan jar dawar nan da kika tsana, dukansu uku, Inna ma ta ga jikoki kafin ta bi ki.

Yau da safe na sa aka kira mini Nafisa. Ta zo tana ɗaure fuska, yatsun nan kowanne da launinsa. Na ce ta sayi wanda ranta ke so, duk suna da kyau, amma ta fara da ruwan gogewa. Sai na kama hannunta na riƙe. Tana ta ja, wai Kaka lafiya? Na ce lafiya lau, ki tsaya. Hannun da ɗumi, Yaya. Na daɗe ban sake ba.

Allah ya jiƙan ki, ya karɓi sallolin da kika yi a kwance, ya haɗa ki da abin da kika tafi da shi. Allah ya jiƙan Inna, ya zaunar da ku tabarma ɗaya, ta kira sunanki ki amsa. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.

Taki har abada,
Rabi, daga Gure.