Rifkatu da Tumatirin Hedimasta

Yaya Bulus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya ƙafar taka, da sauƙi? Ina Yaya Hannatu da yara? Mu nan lafiya lau.

'Yarka Rifkatu ta fitar da mu kunya. Ka san halin firamaren da take koyarwa: da tumatir ya nuna a lambunan Watari, sai hedimasta ya kwashe ɗalibai zuwa gonarsa, kowa ya yi gum. Ranar Talata ya aiko a saki 'yan ajinta. Ta je ta durƙusa ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Karatu iyayensu suka turo su, kuma Allah zai tambaye ni." Ya ce zai sa a mayar da ita ƙauye mai nisa.

Ranar Asabar sai ga ta a gonarsa da kwando, ta yini tana tsinke masa tumatir. Har yau bai ƙara taɓa ajinta ba.

A gaida kowa. Ka sa ta a addu'a, ni ma ka sa ni, domin ni ce na ce mata ta yi shiru.

Ƙanwarka,
Saratu