Shekara Tara Ina Idda a Gure

Zuwa ga Mompera, shugaban kotun aure ta cocinmu.

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da alƙalanka masu haƙuri da haƙurin wasu.

Ni ce Maryamu, malamar lakwal, makarantar boko, a Gure. Mijina Daniyel ya tafi haƙar zinariya shekara tara da suka wuce, ya auri wata can, har sun haihu. Ni kuwa ina nan, matar aure ba miji.

Na ɗaya. Kun ce a cocinmu babu saki, sai dai a binciko cewa tun farko auren bai ɗauru ba. Na yarda. Amma kun ce in kawo shaidar cewa ranar ɗaurin auren babu niyyar zama a zuciyarsa. Mompera, a ranar rigarsa na gani da haƙoransa. Da ina ganin zuciya, ai da ban bi shi coci ba.

Na biyu. Kun ce sai an ji ta bakinsa. Mutumin da uwarsa ma ba ta san ramin da yake ciki ba! Sau uku ina hawa mota zuwa kotunku a Damagaram, kullum amsar ɗaya ce: ana dubawa.

Na uku. Maƙwabciyata Falmata, Musulma, an sake ta, ta yi iddarta wata uku, ta yi aure, na ci tuwon sunan ɗanta. Yanzu matan unguwa Mai Idda suke kirana, har masu kawo nono daga Kelle sun ɗauka sunana ne. Ina dariya tare da su, amma wallahi abin yana ci mini rai.

Na huɗu. Iliya makanike, ɗan cocinmu, ya nemi aurena. Ya jira har furfura ta fito masa. Ya ce bayan girbi zai koma garinsu, da ni ko ba ni. Idan na bi shi ba izininku, kun hana ni karɓar Jikin Almasihu, ni kuwa ba na son rasa ko ɗaya.

Roƙona, ku yanke hukunci kafin a kai hatsi rumbu, ko a'a ce ku faɗa. Idan kuma mutuwa kuke jira ta raba mu, ku sanar da ni wacce, tasa ko tawa, in san wadda zan roƙa.

Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, Mompera, don shari'ata tana buƙatarsa.

Wassalam.
Maryamu, Gure.