Rantsuwata da Jiragen Mika'il

Litinin, 12 Satumba 2005
Ɗana Mika'il ya bar lakwal ɗin injiniya na Villeurbanne, kusa da Lyon, nan Faransa. Wai tarihi zai karanta, tarihin yaƙin teku. Ɗan Damagaram da teku! Na rantse da Allah ba zan ƙara yi masa magana ba sai ya koma. Yaro in ba a tanƙwara shi ba, duniya ta tanƙwara shi.

Lahadi, 9 Oktoba
Azumi. Ya kira, na miƙa wa ƙanwarsa Hamdiya talho.

Juma'a, 21 Oktoba
Bayan buɗa-baki Hamdiya ta buɗe muryar talho ta aje kan tebur, da gangan. Ina wanke-wanke. Magana na rantse a kai, ban rantse kan saurare ba.

Ya ce yau shekara ɗari biyu da yaƙin Tarafalgar, kusa da gaɓar Sipaniya. Jiragen katako ne, iska ke tura su, kuma ran nan iskar kaɗan ce. Na Faransa da na Sipaniya sun yi dogon sahu, na Ingila suka taho layi biyu a hankali, ana yi musu ruwan igwa, har suka datse sahun. Dubbai sun mutu. Bayan nan hadari ya taso ya cinye da yawa cikin jiragen da aka kama. Tun daga ranar teku ta zama ta Ingila.

Bai yi in'ina ko sau ɗaya ba. Lokacin da yake lissafin injiniya ban taɓa jin bakinsa haka ba. Wannan ba hujja ba ce.

Asabar, 22 Oktoba
Na sa Hamdiya ta tambaye shi: in shugaban jiragen Faransa ya san ba su shirya ba, me ya fito da shi daga tashar jirage? Amsa: ya ji an turo wanda zai gaje shi, ya gwammace ya fita da a ce ya ja da baya.

Na ce wa Hamdiya ta rubuta ta aje, girman kai ke nan. Mutum ya kai 'ya'yan mutane ga halaka don gudun kunya. Ta dube ni ta ce, "To, Inna." Ban so dubin ba.

Talata, 25 Oktoba
Na tambayi Malam Bukari na masallacinmu na Stains kaffarar rantsuwa, na ce wata maƙwabciya ce ke son sani. Ciyar da miskinai goma. Ya ce in gaida maƙwabciyar.

Laraba, 26 Oktoba
Na dafa shinkafa da miya, Hamdiya ta kai masallaci. Kwano goma. Sadakar azumi ce, kowa na yi.

Talho ya yi ƙara Hamdiya na wanka, ba yadda zan yi. Mika'il ne. Na ce masa jirgin ƙasan Lyon cika yake gab da Salla, ya nemi wuri tun yanzu, kuma ya yi aski kafin ya shigo mini gida.